Ranar da Aka Cire Farfelar Gaba

Ƙarar ta taso daga ƙarƙashin ƙafarta, kamar an buga guduma a gindin tukunya. Gau! Sai gau-gau-gau, motar duka ta ɗauki karkarwa. Amarya ta ɗaga ƙafa daga totur, ta damƙe sitiyari da hannu biyu, ta lallaɓa bas ɗin zuwa gefen titi.

"Innalillahi! Kin taka wani?" in ji Yaya daga baya.

"Ban taka kowa ba, Yaya."

"Farfela ce," in ji mijinta, muryarsa can ƙasa. "Ta gaba. Tun bara take gaya mini."

Ba amarya ba ce, har jikoki gare ta. Yayar mijin ce ta laƙaba mata sunan tun ranar da aka kawo ta, unguwa kuma ta ɗauka. Shi kuwa kowa Direba yake ce masa, sai Yaya kaɗai da ke kiransa Auta. Yanzu yana kwance a kan katifa a bayan bas ɗinsa, inda aka cire kujeru, kansa a cinyar yayarsa, an ja labule a duk tagogin.

Da safiyar ranar likita ya ja su gefe ya ce sun yi iyakar yinsu, in suna son kai shi gida, to yau. Ashe yana jin su. Abu biyu ya roƙa: kada ransa ya fita sai a ɗakinsa, kuma kada a shiga da shi unguwa a motar asibiti. Motarsa tana nan a waje, tunda Amarya ce ke zuwa da ita kullum kawo abinci. Shi ya koya mata tuƙi shekarun baya a wani fili, da faɗa da komai, bai kuma taɓa ce mata ta iya ba.

Ta sauko ta leƙa. Farfelar ce, wata sandar ƙarfe mai kaurin damtse da ke juya tayoyin gaba, tana reto a ƙasan motar, ta ɓalle daga mahaɗinta. Can gaba kaɗan ta hango rumfar gyaran mota. Ba ta san lokacin da ta ruga ba, takalmi ɗaya a hannu.

Bakaniken dattijo ne mai furfura a gemu. Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar, ya jima yana taɓe-taɓe.

"Mama, ta gama yawo," ya ce daga can ƙasa. "Irin ta wannan motar sai an nemo. In an yi sa'a, gobe."

Sai aka ƙwanƙwasa daɓen motar daga ciki, a hankali.

"Malam bakanike, kana ji na?"

"Wa ke nan?"

"Mai motar. Ni ba ni da gobe. Cire ta gaba ɗaya."

Bakaniken ya fito, ya dubi labulen, ya dubi fuskar Amarya. Ya ɗauko sifana ya koma. Haka suka yi ta magana ta cikin ƙarfe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba wanda ya ga fuskar wani. Direba na cewa notin hagu yana da taurin kai, a sa masa mai. Bakanike na cewa ai ya gani, wane mugu ne ya ɗaure shi haka? Direba ya ce shi ne. Har dariya suka yi, ta Direba ta ƙare da tari.

Da ya zaro sandar, ya tura ta ƙarƙashin kujerar gaba, ya goge hannu, ya tsaya jikin tagar Amarya.

"Mama, ki saurare ni. Wannan motar da taya huɗu take ja. Yanzu saura biyun baya. In kin taka totur za ki ji inji na ihu ita kuma tana nawa, kada ki ƙara takawa, ki jira ta kama da kanta. Akwai wani akwati a tsakiyarta da zai ɗauki duk wahalar. In ya yi zafi da yawa, ƙonewa zai yi, daga nan ko tura ta sai an yi da gaske."

"Ya ƙone," in ji Direba. "In dai ta kai ni, ta gama aikinta."

"Allah ya sauwaƙe, Maigida," bakanike ya ce wa labulen.

Suka kama hanya. Yadda ya faɗa haka aka yi. Ta taka, inji ya yi kuka, motar ta yi kamar tana shawara, sannan ta ja jiki. Masu babur na wuce su suna danna ham. Wani mai tifa ya leƙo ya ce mata ta koma kicin. Yaya ta zuge labule kaɗan ta aika masa da amsar da ba ta maimaituwa.

"Kin cika bin gefe," in ji Direba.

"Ka ganni ne?"

"Ina jin tsakuwa. Ki bar birkin nan ya huta, ba kishi kike da shi ba. Yaya, kin ji yadda take shiga rami? Kamar ita ta haƙa su."

"Kai dai Auta ka yi shiru ka adana numfashinka."

"In adana in kai wa wa?"

Amarya ta ci gaba da tuƙinta. Faɗan nan nasa ya fi mata komai daɗi a ranar, don muddin yana yi, yana nan. Bayan sun wuce kasuwa sai ya yi shiru. Ta karkata madubi yadda za ta riƙa ganin bargon da ke ƙirjinsa. Ido ɗaya a titi, ɗaya a bargo. Ya ɗaga. Ya sauka. Ya daɗe bai ɗaga ba, har ƙafarta ta so ta danna totur ƙasa, ta tuna akwatin, ta cije leɓe ta bar motar a tafiyarta ta tsohuwa.

"Yana nan," Yaya ta ce, ba tare da an tambaye ta ba. "Ke dai ja mu."

Gidansu a saman tudu yake, hanyar ba kwalta, ga shi an yi ruwa da rana. Da tayoyi huɗu bas ɗin ba ta taɓa sanin akwai tudu a wurin ba. Yau suna kaiwa rabin hawa tayoyin baya suka fara wulwulawa, laka na tashi har rufin shagon tela. Motar ta zame ta dawo gindin tudun. Amarya ta sake gwadawa, ta sake dawowa. Wani ƙauri ya fara shigowa ta ƙasan kujera.

Kafin ka ce me, maƙwabta sun fito. Tun da ciwon ya cinye shi Direba ya hana kowa zuwa duba shi, ya ce gara su riƙe shi a ransu yadda suka san shi, ƙato mai cika kujera. Yanzu ga su sun kewaye motar suna kallon labule.

Mahauci, abokinsa na tun ƙuruciya, ya matso tagarta ya rage murya.

"Amarya, yana ciki? Bari mu ciro ƙyauren shagona mu ɗora shi, mu haura da shi a kafaɗa."

"Ki gaya wa wannan ban mutu ba tukuna," in ji Direba. "Ba mai ɗaukata a kafaɗa ina numfashi."

Amarya ta kifa goshi a sitiyari. Daga nan tana hango rufin gidansu.

"Baya ne ba nauyi," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Shi ya sa taya ba ta kama ƙasa. Da can in na zauna a nan, ni kaɗai na isa." Ya yi numfashi. "Yaya, buɗe ƙofar."

"Auta, ka tabbata?"

"Buɗe."

Ƙofar ta zuge. Haske ya faɗa a kansa, mutane suka ga abin da ya rage. Matar tela ta toshe baki da mayafi. Mahauci ya juya kai gefe.

"Me kuke kallo?" in ji Direba. "Ba dubiya na kira ku ba, lodi nake nema. Mahauci, shigo da tumbin nan naka, yau zai yi rana. Zauna daidai kan tayar dama. Tela, kai koma shago, ƙashi ne kawai da kai. Turo mana matarka."

"Wato ni ce buhu ko?" in ji matar tela, tana dariya hawaye na zuba, tana tattare zani tana hawa.

"Buhu mai albarka. Hagu za ki zauna."

Wani mai shago ya shiga, da wani malamin makaranta mai jiki, da surukar mahauci da ba wanda ya gayyata. Suka jeru a gefen katifa, gwiwa na gugar gwiwa, bayan motar ya lotsa. Mahauci ya riƙe hannun abokinsa, sannan ya ɗaga murya.

"Amarya, ko in karɓe ki? Hawan nan sai namiji."

"Wa ya kawo ni daga asibiti har nan ba farfela?" in ji Direba. "Zauna inda aka ajiye ka. Direba na gaba."

Amarya ta ji maganar har tafin ƙafarta. Ta gyara zama, ta goge hannu a zani, ta sa giya. Ta jira ya ce mata taka, ko bi dama, ko kin cika gaggawa. Bai ce komai ba. Sai ta taka a hankali, ta bar inji ya yi kukansa, ta jira. Motar ta kama. Ta kauce wa santsin tsakiya, ta ɗora tayoyin dama a kan ciyawar gefe. Baya ya yi wutsil-wutsil, matar tela ta kira sunan Allah, amma taya ta ciji ƙasa. Ƙaurin ya cika motar. Suka wuce shagon tela, suka wuce famfo, suka wuce inda ta zame ɗazu. Waɗanda ke ƙasa suna biye da su suna turi suna ihu, laka har gira.

A ƙofar gida ta taka birki, ta mayar da giya fakin, ta ɗaga ƙafa. Sai motar ta fara silalewa baya a hankali. Aka kwashi salati. Ta maida ƙafa da sauri.

"Ba farfela, fakin ba ya riƙewa," in ji Direba, da kyar ake jin sa. "Birkin hannun ma ya saki, ban samu na gyara ba. Kada ki ɗaga ƙafa."

Ba ta ɗaga ba. Tana zaune tana kallo ta madubin gefe suka kama kusurwoyin katifar, suka sauko da shi kamar ƙwai, Yaya na gaba tana ba da umarni. Suka shige, duk unguwar ta bi bayansu. Ba wanda ya tuna ya sa wa taya dutse.

Titi ya zama ba kowa. Inji na ta ƙyas-ƙyas yana hucewa. Ƙafarta ta fara rawa tun daga cinya, ta ɗora ta hagu a kan ta dama ta danne. Ta kasa kunne. Ta san irin kukan da Yaya za ta yi in abin ya faru a tsakar gida, kafin a kai ɗaki.

Sai ta ji ƙarar tagar ɗakinsu, wadda ke cijewa sai an doke ta. Kan Yaya ya leƙo.

"Ya ce a buɗe taga, wai ɗakin na warin rufi, wai kuma an canza masa matashi. Ke Amarya, me kike yi a mota har yanzu? Yana nemanki!"

Amarya ta share fuska da gefen mayafi.

"Ki ce masa ina riƙe da motarsa," ta ce. "A kawo dutse."