Ƙaho a Bayan Kunnen Imran

"Umma, baƙin jinin da wanzam ya zuƙe ma Imran, shi ne ya toshe mai kunne?"

Zinatu ko mayafi ba ta cire ba. Dawowarta Jega ke nan daga Maiyama, inda ta je gaisuwar rasuwa. Ta dubi 'yarta Amatullahi, ta dubi surukarta Inna Gudiya da ke tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki.

"Wane wanzam?"

"Ni na sa aka kira shi," in ji tsohuwar, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ƙullutu bayan kunnen yaro, tauri kamar dutse. Likitocinku sun ɗinke shi da mataccen jini ciki. Ke kina kallo kin yi shiru."

Wannan ƙullutun ai shi ne na'urar jin da likitoci suka dasa masa.

Sanƙarau ne ya tafi da jin ɗanta Imran yana ɗan shekara biyu. A wani babban asibiti can nesa, likita ya zana musu komai, ita da mijinta Rilwanu. Za a rarake ƙashin bayan kunne, a bi ta wata siririyar kafa kusa da jijiyar fuska, a shiga tsakiyar kunne. Akwai wata 'yar tsoka a wurin, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, mai motsi idan ƙara ta yi yawa. Da motsinta ake gane iyakar abin da yaro zai iya ɗauka, tunda shi ba ya da bakin faɗa. Daga nan a zura waya, a kwantar da na'urar ƙarƙashin fata, a jira wurin ya warke kafin a kunna. Kunnen hagu kuwa ƙashi ya riga ya cike shi. Na dama kaɗai ya rage.

Duk wannan Zinatu ta haddace shi. Amma yaya za ta zaunar da uwar mijinta ta yi mata karatu? Kunya ta hana. Ta bar wa Rilwanu, shi kuma ya koma Aliero cirar albasa, yana cewa in ya dawo.

Ta shiga ɗaki. Imran na kwance, jikinsa zafi rau. Ta ɗaga tsumman da aka ɗaure masa. Tsaga-tsagan aska a kan ɗinkin, shatin bakin ƙaho, ga ruwa rawaya na tsattsafowa.

"Inna, ba jini ba ne," ta ce. "Kunnensa ne."

"To mi ya hana ki faɗa min, 'yar nan?"

Zinatu ta saɓi yaron a kafaɗa, ta nufi asibiti.

A asibiti aka sake buɗe wurin. Mugunya ta kai ga na'urar, dole aka cire ta. Zinatu ta tambaya ko za a iya sa wata. Likitan ya ce ƙashi ba ya jira, zai iya cike wannan kunnen ma, ba zai yi mata alkawari ba.

Imran ya warke. Har yau idan ana kiran salla, bakin mutane yake kallo.

Ke mai karatu, in an yi wa ɗanki aiki, ki tara duk wanda zai taɓa shi, har uwar mijinki. Ki kama hannunsu ki ɗora a wurin, ki ce kada aska ta kusanci nan. Kunya ba ta mayar da kunne.