Ranar da Hure Ta Kira Ɗan Farinta

Tun da Hure ta haifi Hammadu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma a rugarsu da ke gefen Gwashi uwa ba ta sakin fuska da ɗan fari. In za ta ba shi fura, sai ta ajiye ƙwaryar ta ce wa iska, “A gaya wa wancan ga abinsa.” Wancan ɗin kuwa har ya fara furfura.

Kunyar nan ce ta cinye ta. Ta daɗe tana ganin jini a bayan gida, ta ce basir ne, ta yi ta ɗirkar jiƙe-jiƙen kasuwar Bukkuyum har zani ya daina zama a ƙugunta. Da autarta Lubabatu ta kai ta asibitin Gummi, sai aka tura su Sakkwato. Can likita ta ce ciwon dajin hanji ne, kuma an makara.

“Inna, ciwon ga yana bin jini,” in ji likitar. “Babban ɗanki shi zo a duba hanjinai da na'ura tun bai ji komai ba. In an ga tsiro da wuri, cire shi akai.”

Hure ta rufe fuska da mayafi. Maganar bayan gida, da ɗan fari! Gara ƙasa ta tsage.

Da suka dawo ta aiki Lubabatu wurin Hammadu. Ita ma baiwar Allah, ina za ta iya faɗa wa yayanta wannan? Ta je ta yi ta murza bakin zani, ta ce Inna ta ce ya kula da kansa. Hammadu ya ce madalla, ya kora shanunsa.

Amma uwar da ba ta kallon ɗanta ido da ido ta fi kowa ganinsa. Daga inda take kwance ta lura yana yawan zagayawa bayan ruga da buta. Ran kasuwa kuma ta hangi kwalbar jiƙo a aljihunsa, irin tata sak. Tsoro ya kama ta, ya ma fi ciwon zafi.

Da hantsi ya zo gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum. Ya miƙe zai tafi.

“Hammadu.”

Sunan ya fito a karkace, kamar ba ita ta haife shi ba. Sandarsa ta faɗi.

“Na'am, Inna.”

Tana kallon bango, zufa na keto mata, ta faɗa masa komai: jinin, yadda ta ɓoye, da inda ɓoyon ya kai ta. “Kai ma kana gani, ko?”

Ya sunkuyar da kai. “Ina gani.”

“To ka tai Sakkwato. Kar ka yi tawa.”

Ya tafi. Da ya dawo, Lubabatu ce ta kawo labari: an ga tsiro, an cire, likita ta ce Allah ya taimake shi ya zo da wuri.

“A ce wa wancan sannu da hanya,” in ji Hure, ta juya ga bango.

Da Lubabatu ta sunkuya gyara mata lulluɓi, sai ta ji tana maimaita sunan a hankali, ita kaɗai.