Ɗigon da Aka Jawo Bakin Kasuwa

Maeng Gi-tae yana tsakiyar cin taliyar rana a ofis wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce.

"Gi-tae, ƙafata ta maƙale, ga ruwa yana..." Sai layin ya yanke. Ya kira sau huɗu, tana shiga ba a ɗagawa.

Bai ruɗe ba tukuna, don gano inda waya take shi ne sana'arsa. Kamfaninsu ne ke faɗa wa masu ceto inda mai kira yake, ta hanyar auna lokacin da sigina ke ɗauka kafin ya kai turakun sabis. Ya sanar da masu ceto, ya buɗe taswira. Ga ɗigon tsohuwa nan daram a ƙofar kasuwar kifi.

Bayan minti goma sha biyar suka bugo masa. Sun karaɗe kasuwar, har banɗaki sun leƙa, babu ita.

Ok Sun-yeong, abokiyar aikinsa da ba ta iya ɓoye magana ba, ta leƙo ta kafaɗarsa. "Injiniya, wannan ɗigon na ainihi ne, ko wanda ka yi wa kwaskwarima?"

Kwaskwarimar nan ita ce abin alfaharinsa. Dogayen benayen gilashi da ke bakin teku suna tare sigina, sai ya yi zagaye ya iso a makare, kwamfuta ta ɗauka wayar tana nesa, ta jefa ta cikin teku. Bara ya kafa doka: duk wayar da ta bayyana cikin ruwa kusa da gaɓa, kuma ba ta gudu irin na jirgi, a jawo ta zuwa titi mafi kusa. Har lambar yabo aka ba shi. A taswirarsa wurin shuɗi ne safe da yamma. Mutumin da aka haifa a gaɓar nan ya manta ruwa janyewa yake sau biyu a rana, ya bar filin taɓo iya ganinka, tsofaffin mata su shiga kamun ƙaguwa.

"Ai ta daina," in ji shi. "Shekara biyu ke nan, har rantsuwa ta yi mini."

"Uwarka ce, ka fi ni saninta. Kashe gyaran mu gani."

Ya kashe. Ɗigon ya yi tsalle daga kasuwa, ya dira cikin shuɗi, fiye da kilomita ɗaya daga tudu. Gi-tae ya miƙe tsaye, kwanon taliya ya kife, bai ma sani ba. Sun-yeong ce ta fizge wayar ta karanta wa masu ceto wurin.

Ruwa ya kai mata ƙirji lokacin da kwalekwalen ya iso. Kwandon ƙaguwa yana kanta, ta ƙi saki.

Da la'asar ya same ta a asibiti naɗe cikin bargo, tana faɗa da ma'aikaciyar jinya kan inda aka kai kwandonta.

"Umma, kullum sai na duba wayarki, in gan ki a kasuwa, hankalina ya kwanta."

"Kasuwa? Rabona da ita tun bara. Kai a tunaninka ƙaguwar da nake aiko maka daga sama take faɗowa? Daina yi mini wannan kallon." Ta gyara bargo, muryarta ta sauka. "Ni ai na yi sa'a. Ƙawata Bok-rye ma ta kira masu ceto daga cikin taɓon nan a watan Afrilu, suka tafi nemanta kasuwa, wai na'ura ce ta ce. Sai bayan kwana uku teku ya dawo da ita. Kai da kake aikin waya, wane sakarai ne ya koya wa na'urar nan?"

Gi-tae ya lalubi kujera bai samu ba, ya zauna a ƙasa.