An Sayar da Bijimi

Ƙwallon da masu gadin wani rukunin gidaje a Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, ke bugawa ran Juma'a da safe ba irin wadda aka saba ba ce. Doguwa ce kamar gwanda, in ta faɗi ƙasa ba a san inda za ta nufa ba. A cafe ta da hannu, a naushe ta, a doka ta da ƙafa, wanda kuma ya riƙe ta an halatta a rungume shi a maka da ƙasa. Wani injiniya ɗan Ostareliya da ke gida na tara ne ya ba su ita, shi ya kuma kamo musu tashar wasan a talabijin ɗin ɗakin gadi. Cikin shekara uku, mutanen da ba su san ko ta wace kusurwa Ostareliya take ba sun koma yin gardama har jijiyar wuya ta tashi a kan wa za a ajiye, wa za a kora, a wata ƙungiya mai riga ja da toka.

Ɗayyabu ya fi kowa kamuwa. Mutumin Ƙauran Namoda ne, shekararsa arba'in da bakwai, tsohon ɗan dambe, kuma shi ne mafi daɗewa a bakin ƙofar nan. Gwaninsa kyaftin ɗin ƙungiyar ne, wani ƙato da suka raɗa wa Bijimi don sunansa na Turawa ba ya hawa harshe. Shekara goma sha uku Bijimi ya yi yana karya haƙarƙarinsa saboda rigar nan. Ran Alhamis ɗin nan ta Oktoban 2016 sai ƙungiyar ta miƙa shi ga wata, ta karɓi damar ɗaukar yaron da ko gemu bai tsiro masa ba.

Da a wani makon ne, da Ɗayyabu ya yi tsaki ya wuce. Amma a makon nan kamfaninsu ya ce cikin masu gadi goma sha biyar, goma sha ɗaya kawai zai sabunta wa kwantiragi, kuma ran Lahadi za a miƙa sunayen waɗanda za a riƙe. Mai rubuta sunayen Saifuddeen ne, Bazazzagi ɗan shekara talatin, wanda Ɗayyabu da kansa ya koya wa yadda ake ɗaga sandar ƙofa, yanzu ya zama sufabaiza saboda yana da difloma da Turanci. Girman kai ya hana Ɗayyabu tambaya. Sai ya koma sauraron duk abin da ya fito daga bakin yaron, yana auna shi.

Washegari Juma'a, suna ɗaura takalma a filin tsakuwa da ke bayan katanga, rana ba ta yi zafi ba tukuna, Mas'udu direban bas ɗin ma'aikata ya tayar da zancen.

"Wallahi mutanen nan ba su da amana. Bijimi fa. Ko walimar bankwana ba su yi masa ba."

"Ni kuwa na ce sun yi daidai," in ji Saifuddeen, yana miƙe ƙafa. "Ka ga gudunsa bana? Gwiwa ta tafi. Ƙungiya ba gidan jinya ba ce. In mutum ya ba da abin da zai bayar, khalas, shi ke nan, sai a ba yara wuri."

"Shekara goma sha uku fa, Saifu."

"An biya shi ai. Wanda ke rubuta sunaye ba jiya yake dubawa ba, baɗi yake dubawa. In ka sa tausayi ka kashe ƙungiya."

Ɗayyabu ya ja igiyar takalminsa har ta tsinke. A ransa ya gama yanke hukunci cewa ba Bijimi ake nufi ba, da shi ake, kuma a gaban mutane. Ya tuna matarsa Haulat da yara biyar a Ƙaura, ya tuna ginin da ko linta bai kai ba. Tsoro yake ji, amma shi a matsayin fushi ya ɗauke shi.

Aka raba shida-shida, aka kafa rodi huɗu a kowane gefe a madadin raga, aka jefa ƙwallo sama. Wasan nasu dama ba na masu lallaɓa jiki ba ne, don filin ba ciyawa, duk wanda ya faɗi sai ya bar fata. Ba a yi minti biyar ba gwiwar hannun Mas'udu ta sale, wani ya tofar da jini ya ci gaba da gudu. Ɗayyabu bai ma kalli ƙwallon ba. Saifuddeen yake bi. Karo na farko ya same shi da kafaɗa a ƙirji, yaron ya yi sama ya dawo a kan duwawu, ya tashi yana dariya yana kakkaɓe tsakuwa.

"Baba, yau da me ka karya?"

Karo na biyu Ɗayyabu ya kai runguma, Saifuddeen ya goce, dattijon ya tafi da fuska a ƙasa, leɓensa ya fashe. Aka kwashe da dariya. Saifuddeen ya doka ƙwallon ta wuce tsakanin rodi, ya juyo yana tafa hannu.

"Yalla, maza, Baba, tashi. Ka ga abin da nake faɗa? Ƙafa in ta yi nauyi ta yi."

Wasa yake yi, kowa a filin ya san wasa yake yi, saboda kullum haka suke tsokanar juna. Ɗayyabu ne kaɗai bai ji wasa a ciki ba.

A ƙwallon nan akwai wata doka da Ɗayyabu ya fi so. In ta taso sama, an yarda ka taka bayan wanda ke gabanka da gwiwa ka hau ka cafe ta, ba laifi ba ne, har tafi ake yi. Bijimi ya yi suna da ita. Da Mas'udu ya doko wata doguwa, Saifuddeen ya ja da baya yana kallon sama, hannuwansa a ɗage, haƙarƙarinsa a buɗe. Ɗayyabu ya taho daga nesa da duk ƙarfin da ya rage masa. Bai miƙa hannu ga ƙwallon ba ko don kunya. Ya dunƙule gwiwa ya dasa ta a ƙasan haƙarƙarin yaron.

Kowa ya ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Saifuddeen ya kife, bakinsa a buɗe yana neman numfashi, iska ta ƙi shiga. Da a nan Ɗayyabu ya tsaya, da an ce wasa ne ya zo da tsautsayi. Bai tsaya ba. Ya birkito shi, ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya ɗaga hannun daman da ya kwantar da maza a filayen Zamfara, ya sauke a kan hancinsa. Jini ya yi tsartuwa har kan rigarsa. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, haƙori ya yanke masa bayan yatsa bai ji ba.

"Rubuta!" yake cewa. "Rubuta mana, Oga. Ƙafa ta yi nauyi, hannun fa?"

Mas'udu ya kamo shi ta baya, ya sha gwiwar hannu a ido. Sai da mutum huɗu suka taru, ɗaya ya shaƙe masa wuya, kafin suka janye shi suna jan ƙafafunsa a tsakuwa. Da suka sake shi ya zauna yana haki, ya dubi hannunsa, ya dubi yaron da ke kwance a gefe ɗaya yana aman jini. A ƙasar nan wanda ya yi duka har aka ga jini, caji ofis ne, daga nan gidan yari, daga nan jirgi, kuma ba ya sake dawowa.

Manajan rukunin ya fito da gudu da waya a hannu, yana tambaya da Turanci ko a kira 'yan sanda. Saifuddeen ya ɗaga hannu da ƙyar. Ya ce ƙwallo ce, sun yi karo ne, ya faɗi a kan rodi. Manajan ya dubi fuskar, ya dubi sauran, kowa ya sunkuyar da kai. Bai yarda ba, amma shi ma ba ya son wahalar rubuta rahoto, ya ce a kai shi asibiti.

Suka kwantar da shi a kujerar baya ta bas ɗin Mas'udu. Ɗayyabu ya shiga ba wanda ya gayyace shi, ya durƙusa a tsakanin kujeru yana riƙe masa tawul a hanci. Kunya ta hana shi ɗaga ido. Sun kusa fita babban titi kafin ya iya magana.

"Saifu, ka yafe mini. Shaiɗan ne."

Saifuddeen ya daɗe yana jan numfashi kaɗan-kaɗan, don kowane ja sai ya runtse ido.

"Baba, tun ran Laraba na gama rubutawa. Sunanka ne na ɗaya. Ofis suka ce shekarunka sun haura, na ce musu in za su cire ka su haɗa da ni."

Ɗayyabu ya gyara riƙon tawul ɗin.

"Maganar Bijimi kuwa, maganar Bijimi ce kawai. Har gobe ina nan a kan sun yi daidai." Saifuddeen ya tofar da jini a tawul. "Ban kira 'yan sanda ba saboda Anti Haulat da yara, ka koma gida da mutuncinka. Amma ran Lahadi zan sake rubutawa. Ba zan iya tsayuwa a ƙofa ɗaya da mutumin da nake tsoron juya wa baya ba."

Mas'udu, da ido ɗaya a kumbure, ya kunna sigina ya shiga titin asibiti. Ɗayyabu ya ci gaba da riƙe tawul ɗin, Saifuddeen ya sa hannu a hankali ya karɓe abinsa.