Jijiyoyin Malama da na Tsohon Mijinta

Dogo ne ya haɗa su, kuma ba da gangan ba. Kamfanin da yake wa aiki a wani gari mai nisa ya ce kowane ma'aikaci ya kawo iyayensa a duba musu zuciya, shi kuma ya ba da sunan uwarsa da na ubansa a asibiti ɗaya, safiya ɗaya. Ko ya manta cewa tun yana firamare mutanen nan biyu suka rabu, ko bai ɗauki abin da muhimmanci ba, oho.

Malama ta riga zuwa. Ta daɗe da yin ritaya daga koyarwa, amma har yanzu ba ta iya makara ba. Tana zaune a kan benci, jakarta a cinya, sai ga wani dattijo ya shigo yana haki, tumbi a gaba, makullin mota a hannu. Sai da ya yi tari ta gane shi.

"Maman Dogo," ya ce. "Ke ma an turo ki?"

"An turo ni, Baban Dogo. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Yaron nan fa bai da kai."

"Gado ya yi."

Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya zauna a ƙarshen bencin. Malama ta saurari cikinta ko za ta ji wani abu ya motsa, haushi ko kunya ko ma ɗan daɗi. Shiru. Kamar ta zauna kusa da wanda suka taɓa shiga motar haya ɗaya.

Nas ta kira su ɗaya bayan ɗaya. A cikin ɗakin aka kwantar da Malama a kan gado mai sanyin leda, aka ɗaura mata wani abu kamar na awon hawan jini a cinya, aka danna mata wani ɗan ƙarfe a gefen wuya. Nas ta ce kada ta yi magana, kada ta motsa. Wannan ba wuya. Ta kalli wani tabon ruwa a rufin ɗakin har aka gama.

Da za su ga likita, nas ta leƙo ta ce, "Mama, ke da maigidan ku shigo tare."

"Maigidan da ne," in ji Baban Dogo. "An sauke ni tuntuni."

Nas ta rikice, ta ce to a shiga ɗaya ɗaya. Malama ta ce, "Bar shi, 'yata. Mu shiga. Ba abin ɓoyewa."

Likitar mace ce, ba ta kai Dogo a shekaru ba. Ta ce abin da aka auna shi ne taurin jijiyoyin jini. Jijiya mai lafiya tana buɗewa ta koma duk sanda zuciya ta buga, kamar sabuwar roba. In ta yi tauri, sai zuciya ta riƙa tura jini da ƙarfin tsiya, yau da gobe har ta gaji.

"Kamar tsohon tiyo ke nan," in ji Baban Dogo. Rabin rayuwarsa a tuƙin tankar mai ya yi shi, yanzu yana jan wata ƙaramar motar kaya a cikin gari.

"Kamar shi, Baba. Naka sun yi tauri sosai. Kana shan taba?"

"Na bari."

"Yaushe?"

"Da safen nan."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta juyo wajen Malama. "Mama, naki ba su kai nasa ba, amma ke kin fi ba ni tsoro. Maza nasu da wuri suke fara tauri, a hankali. Mata kuwa, da zarar al'ada ta ɗauke, sai abin ya zo da gudu, kuma sau da yawa zuciyar mace ba ta jure shi kamar ta namiji. Sannan ba lallai ki ji ciwon ƙirji ba. Wata gajiya ce kawai za ta ji, ko numfashi ya yi mata wuya, ko baya, ko muƙamuƙi. Sai ta ce aikin gida ne."

"Wannan baiwar Allah ko lemon kwalba ba ta sha," in ji Baban Dogo. "Ni ne mai laifi, ita za a ɗaure?"

"Ba kotu ba ce, Baba."

Malama ta ce, "To." Ta karɓi takardar magani, ta ninke, ta sa a jaka. Ta ji duk abin da aka faɗa, ta kuma gane, amma kamar labarin wata mata ake ba ta.

Ya ce zai sauke ta a gida, ba ta ƙi ba. Motar na warin man dizal da albasa. A hanya ya tsaya ya sayi soyayyen nama a takarda, ya barbaɗa gishiri, ya miƙo mata. Ta girgiza kai. Ya ce na bankwana da nama ne, ya cinye.

Bayan kwana biyu wayarta ta yi ƙara da safe.

"Maman Dogo, kin sha maganin?"

"Na sha."

"To, madalla." Ya kashe.

Washegari ma haka. Abin ya zama jiki. Ba ya tambayar komai bayan wannan, ita ma ba ta taɓa tambayarsa ko shi yana shan nasa ba. Ta rage gishiri, ta fara zagaya filin makarantar da ta taɓa koyarwa da yamma, tana tafiya kamar wadda aka aika. Dogo ya kan kira ya ce, "Mama, na ji ke da Baba kuna waya," da wata murya mai fata a ciki. Sai ta ce, "Yana kira," ta tambaye shi matarsa.

Watanni suka wuce. Wata safiya tana shanya a bayan gida, ta ɗaga zanen gado jiƙaƙƙe, sai ta ji hannunta ya ƙi kaiwa igiya. Ta zauna a kan bokiti. Gumi ya keto mata, muƙamuƙinta na hagu yana zugi kamar haƙori ne. Ta ce a ranta ta yi wanki da yawa. Wayar ta yi ƙara a aljihun rigarta.

"Kin sha maganin?"

"Na sha."

"Me ya sami muryarki?"

"Ba komai. Gajiya ce. Sai haƙori da ke damuna."

"Maman Dogo, buɗe ƙofar gida ki zauna. Kada ki tashi."

Ya zo da buhunan siminti a bayan mota, na wani da bai kai wa ba. Ba ta tuna yadda ta shiga ba. Ta dai tuna yana danna ham yana zagin masu babur, ita kuma tana tunanin zanen gadon da ta bari a ƙasa, zai kwashi datti.

A asibiti aka gano jijiya ɗaya ce ta toshe a zuciyarta. Aka zura mata wani siririn bututu aka buɗe ta. Likitar ta ce da ta kwanta ta huta, kamar yadda ta yi niyya, da wani labarin ake yi. Malama ta ce, "Allah ya kiyaye," don ta san abin da ake cewa ke nan.

Baban Dogo ya riƙa zuwa kullum. Ya kan zauna a kujerar roba kusa da gadon, ya ba matar gadon kusa labarin hanya, ya sa ta dariya har nas ta kore shi. Malama ta kan kalle shi. Mutumin nan ya ceci ranta, ta sani. Ta nemi godiyar a cikinta ta same ta a baki kawai.

"Na gode, Baban Dogo."

"Haba, ai ba komai. Mai simintin ne dai har yanzu bai yafe mini ba."

"Kai kana shan naka?" Ranar ce ta fara tambaya.

"In na tuna."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa irin na aji, sai ta ji ba ta da ƙarfin. Ta rufe ido.

Dogo da matarsa suka zo, suka ce ba za ta sake zama ita kaɗai ba, za su tafi da ita. Ba ta yi musu ba. Ranar tafiya Baban Dogo ya zo ya taya ɗaure kaya, yana haki, Dogo na cewa, "Baba, bari mana, ka ajiye." Ya ƙi. Da aka gama ya tsaya a bakin tagar motar, ya share gumi da hularsa.

"To, Malama. Sai an kwana biyu."

"Sai an kwana biyu. A gaida gida."

Sai da motar ta tashi ta tuna ba kowa a gidan da za a gaisar.

Sun fita gari, Dogo na tuƙi, surukarta ta juyo daga kujerar gaba, ta yi ƙasa da murya. "Mama, ki yi haƙuri da tambayata. Wai me ya raba ku da Baba?"

Malama ta yi tunani da gaske, don yarinyar ta cancanci amsa. Ba duka, ba zagi, ba wata mace. Dogo ya rage gudu, ta san yana saurare.

"Ba ya gida," ta ce. "Ni kuma wata rana na tashi na ga na daina jira."

Surukar ta jira ko akwai saura. Malama ta gyara filon da aka sa mata a baya, ta ce a ɗan ɗaga gilashin, iska ta yi yawa.