Jirgin Kara a Gonar Kawu Haladu

Mijina Malam Dalhatu malamin aikin katako ne a wata makaranta a Gumel, gemunsa har ya fara fari, amma in ka shigo gidanmu ranar Asabar za ka tarar da shi a tsakar gida ya baje ƙafa yana fere kara. Jirgin sama yake haɗawa. Ba mai inji ba, ba mai batir ba, ba kuma irin wanda ake sarrafawa daga ƙasa ba. Nasa roba ce ke tuƙa shi. A murɗa robar har ta ƙuƙƙulle, a sake shi, ya tafi inda iska ta ga dama. Mutanen ƙauyenmu, nan tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, sun daɗe da gama magana a kansa. Suna gaishe shi da girmamawa, in ya ba da baya su ce boko ya taɓa shi.

Ni ma na yi mita har na gaji, daga baya na koma mai riƙe masa jirgi in zai murɗa. Gangar jikin jirgin totuwar karan dawa ce, fukafukan tsagin gora ne da ya lulluɓe da takardar nan marar nauyi da ake naɗe sabon takalmi da ita a kasuwar Maigatari. Robar daga tiyub ɗin keke yake yanko ta siri-siri, kuma kafin a murɗa sai ya shafe ta da yauƙin kuɓewa don kada ta tsinke. Kuɓewar miyata fa, ba ta wani ba. Hatta duwatsun wuyana shuɗɗa, waɗanda na gada wurin innata, sai da ya lallaɓa ya zare guda, ya zura shi a silin keken da farfela ke juyawa a kai, wai don ta yi santsi.

Farfelar kuwa da sakaina yake sassaƙa ta, tunda ƙwarya da lanƙwasarta take zuwa. Mai kawo masa sakainar A'i ce, matar Manu, Fulanin rugar da ke gabas da mu. A rugar aka haifi Manu, a nan aka binne kakansa. Kullum da hantsi A'i ke kawo mini nono mu zauna mu yi gulmar maza, kuma duk ƙwaryar da ta fashe mata sai ta adana wa Malam.

"Ga kayan jirgi," takan ce, tana dariya har da riƙe ciki. "Ummu, ki ce masa in ya tashi zuwa Makka ya rage mini hanya."

Tsakanin rugar da ƙauyenmu akwai gonar Kawu Haladu, ƙanen mahaifiyar Malam, kuma shi da Manu ba sa ga maciji. Kawu ya daɗe yana cin burtalin da shanu ke bi zuwa rijiya, kowace damina sai ya ƙara kunya guda. Manu ya kai magana gaban mai gari, Kawu kuwa bai yafe ba. A kakar bara Kawu ya girbe geronsa, ya ɗaure dammuna ya jibge su a tsakiyar gona suna jiran amalanke. A nan wajenmu ba a sakin dabba cikin gonaki sai mai gari ya sa an yi shela cewa an gama kwashe amfani. Kafin shelar, ko giftawa Bafulatani ya yi ta gefen gona, akwai mai riƙe abin a ransa.

Lokacin kaka shi ne lokacin Malam. Da rana ta take, zafin ƙasa yakan ɗaga iska sama, za ka ga shirwa na shawagi ba ta kaɗa fiffike. In jirginsa ya faɗa cikin wannan iskar, sai dai a yi masa addu'a, don ya yi asarar da yawa a haka. Shi ya sa ya yi dabara. Yakan ɗaure jelar jirgin da 'yar roba, ya soka lagwani a ƙarƙashinta ya kunna. In wuta ta ci ta kai robar sai ta tsinke, jelar ta ɗage, jirgin ya sauko a hankali. Sauran lagwanin kuma yana cikin wani guntun bututun eriyar rediyo, a nan wutar ke mutuwa kafin jirgi ya taɓa ƙasa.

Ranar da abin ya faru muna fegin bayan gidanmu bayan azahar. Na riƙe jirgin, ya ja robar ya murɗa, ya kunna lagwani, iska ta kashe. Ya sake kunnawa, ta sake kashewa. Ya yi tsaki ya shiga gida, sai ga shi da guntun maganin sauro, irin nannaɗaɗɗen nan da ake kunnawa. Bai shiga bututun ba, ya yi kauri. Malam ya cire bututun ya jefa aljihu, ya ɗaure maganin da zare.

"Malam, wannan fa ba ya mutuwa sai ya cinye," na ce.

"Ai shi ya sa na ɗauko shi," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Ya ɗaga jirgin ya sake. Ba zan yi ƙarya ba, bai taɓa tashi da kyau irin na ranar ba. Ya hau yana kewayawa, takardar na sheƙi, robar ta ƙare amma bai sauko ba, ya shiga cikin shirwa. Maganin sauro ba ya ci da sauri kamar lagwani, don haka jelar ba ta ɗage da wuri ba. Iska ta kwashe shi ta yi gabas da shi. Malam ya tattare riga ya bi shi da gudu, ni kuma na koma kan girkina.

Ban gama tankaɗe ba na ji ihu. Na leƙa ta kan katanga na ga hayaƙi ya miƙe daga gabas, baƙi ƙirin. Maza na ta gudu da bokitai, amma ina ruwa a gona, ina busasshen gero? Kafin la'asar noman Kawu na shekara guda ya zama toka.

Malam ya shigo hannu wayam, ƙafafunsa duk ƙarangiya. Ya zauna a bakin ɗaki.

"Ina jirgin?" na tambaye shi.

"Ya ɓace mini."

"A ina?"

Na ga hannunsa a aljihu yana juya bututun nan, nan take na gane inda jirgin ya sauka.

"Malam, tashi ka je ka faɗa. Yanzu."

"Ban gani da idona ba, Ummu. Na hango ya sauka ta wajen, shi ke nan. Bari ƙura ta lafa tukuna."

Ƙurar ba ta lafa ba. Wani ya ce ya ga Manu da safe ya bi ta gefen gonar. Gaskiya ne ya bi, hanyar rijiya ce, ta ina zai bi? Wani ya tuna rigimar burtali. Kafin magariba samari sun ɗauki sanduna sun nufi ruga, mijina yana zaune yana jin wucewarsu ta ƙofar gidanmu. Na tsaya a kansa na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba tunda aka ɗaura mana aure. Ya miƙe, ya kai zaure, ya dawo ya zauna. Tsoron kawunsa yake ji, kuma na tsane shi a wannan yammacin, Allah ya sani.

Sun karya wa Manu hannu, sun ƙone bukkoki biyu da harawar da ya tara wa shanu don rani. Suka ce masa kada kasuwar Maigatari ta sake ci yana rugar.

Washegari da safe Malam ya sa babbar riga ya tafi ƙofar mai gari, inda dattawa suka taru. Ni ma na yafa mayafi na shiga wurin matan gidan, na tsaya a bayan ƙyauren zaure, don ban yarda zai iya ba. Ya iya. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba Manu ba ne. Ni ne." Ya faɗi komai, da iskar, da maganin sauron, har ya fito da bututun ya nuna.

Aka yi shiru. Sai wani ya tuntsire da dariya, saura suka kama.

"Jirgin kara?" in ji wani dattijo. "Abin wasan yaran nan ne ya tashi daga bayan gidanka, ya tsallake gonakin jama'a, ya zaɓi geron Haladu?"

"Wallahi haka aka yi, Baba."

"Ka ga lokacin da ya kunna wutar?" mai gari ya tambaya.

"Ban gani ba, ranka ya daɗe, amma…"

"To ka ji."

Kawu Haladu bai yi dariya ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Dalhatu, mun san matarka da matar Bafulatanin nan ƙawaye ne. Ita ta aiko ka? Tashi ka tafi gida, kada ka ƙara kunyata mu."

"Kawu, zan biya ka geronka."

"Ba geronka nake so ba. Tashi, na ce."

A bayan ƙyauren nan na gane abin da ke ciki. Wasunsu sun yarda da shi sarai, na ji a irin shirun da suka yi. Amma in Malam ne, to 'ya'yansu ne suka karya hannun marar laifi, kuma ruga za ta ci gaba da zama, burtali ma haka. In Manu ne kuwa, kowa ya huta. Da jiya ya yi magana, kafin a ɗaga sanda, da wataƙila an saurare shi. Mutumin da suka daɗe suna cewa boko ya taɓa, ba wuya a ce yau ma taɓin ne.

Malam ya je ruga da kansa, Manu ya ƙi fitowa. Malam ya ce zai kai magana Gagarawa wurin hukuma, Manu ya aiko a ce masa ya bari, ko an wanke shi ba zai iya kwana kusa da mutanen da suka zo masa da wuta ba.

Ranar da za su tashi, A'i ta zo da hantsi kamar yadda ta saba, sai dai ba ƙwarya a kanta. Ta ƙi zama. Ta ce za su yi arewa, ta wajen Maigatari, wurin dangin uwar Manu, in an karɓe su. Na riƙe hannunta ina kuka, na rasa ta inda zan fara.

"A'i, Malam ya faɗa musu. Wallahi ya faɗa."

"Mun ji," in ji ta.

Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani abu ta sa mini a tafin hannu. Silin keke ne, wuta ta baƙanta shi, an lanƙwasa bakinsa kamar ƙugiya. A jikinsa ga dutsen wuyan innata, shuɗin bai canja ba.

"Manu ne ya fara isa wurin wutar, da ganye yana bugu," ta ce. "Da ta mutu ya tsinci wannan a cikin toka. Ya san na waye."

"Tun ranar? Kafin su je muku? Don me bai nuna ba?"

"Ya ce Malam mutumin kirki ne, zai zo ya faɗa da bakinsa. Har suka iso yana duban hanya."

Ta gyara mayafinta ta juya. Malam na tsaye a ƙofar ɗaki, ya ji komai. A'i ta ɗan rusuna ta gaishe shi kamar kullum, ta fita.

Na miƙa masa silin. Ya ƙi karɓa. Na kamo hannunsa na buɗe, na sa masa a ciki, na rufe yatsun da kaina.