Takwas Ɗin da Shugaba Ya Gani

Shugaban sashe ya tsaya a kaina, yana nuna allon kwamfuta da makullin motarsa.

"Takwas," ya ce. "Mutum takwas suka rage. Saboda su za mu bar waccan tsohuwar tana shan wuta?"

Tsohuwar ita ce kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina, mai fanka kamar injin markaɗe. Ita ce ƙofar da sabon ɗalibi ke bi ya shiga hanyar da muke musayar littattafai, kwamfuta zuwa kwamfuta, babu babbar kwamfuta a tsakiya. Yau ya zo a cire ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, takwas ɗin maƙwabtanta ne, waɗanda ke haɗe da ita kai tsaye. Kowace kwamfuta nata maƙwabtan kawai take gani."

Injiniyan sashe, da ke bakin ƙofa riƙe da kwalin ɗaukarta, ya yi dariya. "Ashe yarinyar nan tana magana. Yallaɓai, a ba mu hutu yau."

Ban kula shi ba. Na buɗe baƙin allo, na rubuta umarni: a bi maƙwabta, da maƙwabtan maƙwabta, a tsinto mini ɗari ba zaɓe. Lambobinsu suka zubo. Na sake tsintowa ta wani gefen. Cikin ɗari na biyu, ashirin na riga na gan su a na farko.

"Ɗaya cikin biyar ne ya maimaitu," na ce. "Ke nan ɗarin farko kashi ɗaya ne cikin biyar. Wajen mutum ɗari biyar."

"Wajen. Ni ba na aiki da wajen, 'yata. Kawo sunayensu."

"Babu mai sunayensu. Haka aka gina ta."

"To. Injiniya, cire."

Ban bari ya sunkuya ba. Na durƙusa da kaina na zare wayar. Fanka ta juya ta juya ta tsaya. Na kaɗe gwiwata, na ciro ƙaramar kwamfutata daga jaka, wadda ba ta da tambarin sashe, na sake umarnin. Lambobi suka zubo kamar ba a taɓa komai ba. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa.

"Me kuma kike yi?" in ji shugaba.

"Ina sanar da su sabuwar ƙofa, ranka ya daɗe. Wannan a gida nake yi mata caji."